Ƙarar Kuluwa a Birnin da Ba Ya Tsatsa

A Gangaren Dukawa akwai wata rijiya wadda in rana ta take tsaka, mai leƙawa yakan hango birni a can ƙarƙashin ruwan, da ganuwarsa da ƙofofinsa, yana walƙiya kamar sabon tire. Ba a taɓa ganinsa ba sai shekarar da ruwan ya lalace. Mai rijiyar wata tsohuwar badukiya ce, Kuluwa, mai ɗinkin zabira da kube. Ubanta ne ya haƙa ta da hannunsa, gaba goma sha biyu, kuma duk unguwar a nan suke sha, ba ta taɓa hana kowa zura guga ba.

Sai aka zo aka kafa masana'antar shafe ƙarafa a kan tudu, inda ake tsoma kan keke da ƙafar kujera su fito suna ƙyalli. Kwatar masana'antar kuwa aka sake ta haka nan, tana gangarowa tana nutsewa cikin ƙasa. Damina biyu kacal, ruwan Kuluwa ya koma ruwan ɗorawa. Awakinta uku suka sha suka mutu. Matan unguwa suka yi gyambo a tsakanin yatsu. Ta je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri. Ta hau tudu sau huɗu da wannan gwiwa tata, sau huɗu mai gadi yana ce mata Alhaji mai masana'antar ba ya nan, alhali ga motarsa a inuwa. Daga baya duba-gari ya zo ya ɗebi ruwan a kwalba, ya dawo da jan fenti ya zana wa bakin rijiyar alama.

"Iya, kuromiyam ne a ciki," in ji shi. "Guba ce. Ranar Laraba za a zo da siminti a rufe ta."

"A rufe wa? Rijiyar ce ta yi laifi? Kai ɗan nan, wani ya zuba maka ƙazanta a tukunya, sai ka bar shi ka kama tukunyar da duka?"

"Ni aiko ni aka yi, Iya."

"To shi wannan kuromiyam ɗin, ɗan gidan uban wa ne? A ina yake zaune?"

Duba-gari ya yi dariya. "Ƙarfe ne fa, Iya."

"Ƙarfe ma ai yana da mai shi."

Kuluwa ta riga ta gane. Birnin nan da gubar nan tare suka zo, ba ta bukatar wani mai biro ya gaya mata. Washegari da rana ta take, ta ci ɗamara, ta soke basillarta a gefen zani kamar yadda take yi tun tana budurwa, ta ɗaure igiya a gindin darbejiya, ta yi bisimilla ta sauka. Ƙafarta na taɓa ruwan sai ya tsage biyu, ga matakala busasshiya tana ta gangarawa.

Ta fito a wata ƙasa ta baƙaƙen duwatsu, ba ciyawa, ba tsuntsu, sai huci. A tsakiyar filin ga wani aljani, tsawonsa ya kai giginya, yana zuga wata maƙera mai girman masallaci. Ya juyo da idanu kamar garwashi.

"Ya ke 'yar Adam, ni ne Mazugi, mai tsaron Baƙin Tudu. Wane ƙarfin hali ya kawo ki inda maza ba sa zuwa?"

"Ƙara na kawo. Ina maigidanka?"

"Ba a ganin Sarkin Launi sai an san daga ina ya fito. Ɗauki dutse ɗaya ki gaya mini abin da ke cikinsa."

Ta sunkuya ta ɗauki wani ɗan ƙarami kamar ƙwan zabuwa, nauyinsa ya kusa tsinke mata wuyan hannu. Ta juya shi ta jujjuya.

"Ba kome a cikinsa sai baƙin rai."

Mazugi ya yi dariyar da ta sa duwatsu gangarowa. Ya karɓa ya jefa cikin wuta, ya bi shi da gawayi, ya zuga sau uku. Sai ga wani ƙarfe ya kwaranyo, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, yana sheƙi kamar an wanke wata. Da ya huce Kuluwa ta zaro basilla ta karce shi da iya ƙarfinta. Ko alama. Shi kuwa Mazugi ya goga shi a jikin wata kwalba, sai ga layi ya fito ɓaro-ɓaro.

"Kai!" in ji Kuluwa. Ta yi maza ta haɗe fuska, don ba yabo ta zo yi ba.

Bayan tudun akwai kogi, amma ruwansa tafasa yake yi daga wannan gaɓa zuwa waccan, tururi na tashi har ba a ganin ƙetare. Mazugi ya miƙo mata wasu takalma masu tsawo har cinya, na wata fata mai launin sararin sama. Kuluwa ta ƙi sawa. Shekara hamsin tana aikin fata, ta san abin da ruwan zafi yake yi wa ƙirgin da aka jeme da bagaruwa: ƙanƙancewa yake yi, ya naɗe, ya bushe kamar ƙanzo. Ta sansana takalman, ta ja su, ta ɗan cije bakin ɗaya. Sa'an nan ta tsoma shi cikin kogin ta ƙirga ɗari, ta fiddo. Yana nan da laushinsa kamar kunnen ɗan akuya.

"Wa ya jeme wannan?"

"Gishirin maigidana. Kwana ɗaya."

"Ƙarya kake yi! Mu sai mun yi kwana da kwanaki muna cuɗa."

"Kwana ɗaya, 'yar Adam."

Ta zura ƙafafunta ta shiga. Ruwan na tafarfasa a gwiwarta, tururi na gasa mata fuska har gashin girarta ya naɗe, amma ƙafarta ko ɗumi. Tana tafe tana shafa fatar tana girgiza kai, har ta kusa mantawa da cewa fushi take yi.

A ƙetare ta faɗa cikin wani lambu da 'ya'yan itatuwansa duwatsu ne. Na dama ja wur kamar jinin layya, na hagu kore shar kamar gero a marka. Furannin ƙasa rawaya ne da ruwan goro, irin fentin da ake shafa wa motocin haya. A kan wani reshe ga tsuntsuwa mai fuskar mace, a gindin bishiyar kuma ga gumakan mutane birjik, kowanne da ɗan itace a hannu.

"Ya ke baƙuwa," in ji tsuntsuwar, "tsinki launin Sarkinmu ki riƙe, shi ne shaidar shigarki. Waɗannan da kike gani sun tsinka ba daidai ba."

Kuluwa ta zaga lambun hannunta a baya. Ta duba jan, ta duba koren, ta tsuguna ta duba furannin. Ita da ta rina fata da karan dafi ta rina da baba, ta san kowane marini yana da hannunsa, kamar yadda kowace mace take da hannun miya.

"Ba zan tsinki ko ɗaya ba. Duk hannu ɗaya ne ya rina su. Ki daina yaudarar bayin Allah."

Tsuntsuwar ta buɗe fukafukai ta rusuna. "Kin faɗi daidai. Ɗan ƙwaya-ƙwayarsa ya shiga wani farin dutse ya zama yaƙutu, ya shiga wani ya zama zumurrudu. Shi kansa ba shi da launi, amma duk gidan da ya sauka sai ya bar musu riga. Wuce."

Itatuwan suka dare, sai ga birnin da take hangowa daga bakin rijiya. Ganuwarsa madubi ce tun daga tushe har sama. Ta ga tsofaffi dubu masu irin ɗamararta suna harararta, ta harare su. A cikin ƙofa ana hango rumfuna cike da cokula da tukwane da wuƙaƙe, da almakashin likita da allurarsa, da randunan madara manya kamar rumbu, ba ɗigon tsatsa ko ɗaya. Ba ta yarda ba. Ta ɗebi yashi ta dirje ganuwar kamar mai wanke gindin tukunya, har wurin ya yi fari. Iska na kaɗawa sai wata fata siririya, wadda ido bai cika kamawa ba, ta sake rufe wurin.

"Baƙin ƙarfe ne a ciki," in ji Sarkin Ƙofa, wani dogon aljani mai sulke. "Kashi ɗaya cikin goma na Sarkinmu aka zuba masa, ko ɗan fiye. Tun ran nan ruwa da iska suka daina cin sa. In aka ji masa ciwo, numfashi ɗaya ya warke."

Kuluwa ta tuna kwanonin da tsatsa ta huda mata, ta yi ajiyar zuciya. Sai idon Sarkin Ƙofa ya sauka a gefen zaninta.

"Tsatsa ba ta shiga birnin nan. Miƙo wannan abin mu shafe miki shi. Zai fito yana ƙyalli, jikokin jikokinki su gaje shi."

"Wanne? Basillata? Kai, rufe bakinka. A gidanmu basillar gado ba ta shiga hannun wani, ko mijin mace bai isa ya taɓa ba. Kakana ya ba ubana, ubana ya ba ni don bai haifi namiji ba. Da tsatsarta na karɓa, da tsatsarta zan shiga."

"To ba za ki shiga ba."

"To ka ga wurin zamana."

Ta shimfiɗa mayafi a bakin ƙofa ta zauna, ta ɗaga murya. Ta ambaci awakinta da sunayensu. Ta lissafa matan da yatsunsu suka ruɓe, gida-gida. Ganuwar madubi kuwa ta riƙa mayar da muryar sau dubu, har tukwanen birnin suka kama amsawa. Ba a jima ba ɗan aike ya fito a guje: Sarki ya ce a shigo da ita, ita da abin da ke jikinta, don Allah.

Sarkin Launi yana zaune a gindin wata tsohuwar tsamiya. Jikinsa fari ne mai sheƙi, alkyabbarsa kuwa duk motsin da ya yi sai ta sake launi. Kuluwa ta durƙusa rabi, iyakar abin da gwiwa da zuciya suka yarda.

"Ranka ya daɗe, ƙararka na kawo wurinka, tun da a can sama ba mai saurarona. Na ga aikinka a hanya, ban raina ba. Ban taɓa ganin jima irin taka ba, kuma ni ba na yabon banza. To mai irin wannan hannu, me rijiyata ta yi maka?"

"Ya ke Kuluwa 'yar dukawa, zauna ki ji. Dubban shekaru ina kwance cikin duwatsu, 'yan Adam na sa ni a zobe ba su san ni ba ne. Shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce aka haƙo wani jan dutse a ƙasar ƙanƙara, wani masani a ƙasar Faransa ya dafa shi da gawayi, ya fiddo ni tsirara. Da ya ga rigunana, ya raɗa mini suna kuromiyam, daga kalmar launi ta mutanen Yunan. Tun daga ran nan nake yi muku bauta, ban ƙi ba. Amma dubi abin da kuka yi mini."

Ya ɗaga hannu. Aljanu huɗu suka turo wani ɗaki na gilashi. A ciki ga wata budurwa rawaya tun daga gashi har farce, kyakkyawa, ramammiya, tana yakushin gilashin tana haki.

"'Yata ce, Rawaya. Kowace 'yata da mundaye ake haifarta. In aka zare mata uku takan zama koriya, mai sanyin hali, ita ce ta jeme takalman da kika ƙetare kogi da su. In aka zare shida, ga abin da take zama. Mutanen tudunku shida suke zarewa, don a haka take saurin manne wa ƙarfe in an saki lantarki. Wadda ta manne ta huta. Wadda ta rage sai su zubar a kwata, ta bi ƙasa tana fizgar mundayen duk abin da ta taɓa, fata ce, hanta ce, maƙogwaro ne."

"Yunwa nake ji!" in ji Rawaya. "Gwaggo, ba na son awakinki. Ban san ma ina ci ba. A mayar mini da uku kawai in kwanta!"

Kuluwa ta matso kusa da gilashin. Ta zo da zagi cike da baki, sai ta tarar da wata wadda ita ma aka cuta aka zubar.

"To kai da dukiyar nan, ka kasa ba ta mundaye uku?"

"Na kawo mata zinariya, zinariya ba ta ba kowa nata. Na kawo azurfa, ta noƙe. Baƙin ƙarfe ne mai kyauta, amma duk na birnin nan na riga na sa masa riga, hannunsa a rufe yake. In kin kwantar da ita, na yi miki shari'a. In kin kasa, ki koma a rufe rijiyarki."

Kuluwa ta ɗaga kai ta dubi tsamiyar, ta sunkuya ta dubi basillar da ke gefen zaninta. Duk baduku ya san kuloko, baƙin rinin fata: a jiƙa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe cikin ruwa mai tsami, a rufe, ƙarfen ya narke ya ba ruwan duk abin da ya mallaka. Kuma a duk faɗin ƙasar nan tsohon ƙarfe ɗaya ne tak.

"A ba ni tukunyar ƙasa. Kada wanda ya taɓa, ni zan yi da hannuna."

Ta tsinko tsamiya ta jiƙa ta dama. Ta zaro basillar, ta shafa ƙotarta inda babban yatsan ubanta ya yi gurbi, nata ya zo ya ƙara zurfafa shi. Ba ta yi kuka ba, tsaki ta yi, ta jefa ta ciki ta rufe. A ƙasar nan rana ba ta faɗuwa, don haka ba ta san kwana nawa ta yi tana gadin tukunyar ba. Da ta buɗe, ƙotar kaɗai ke yawo a kan wani ruwa mai ɗan kore-kore.

Ta sa aka buɗe gilashin. Aljanu suka watse. Rawaya ta yo kanta da farata, har ta kama mata wuyan hannu, wurin ya tashi nan take kamar an ɗora wuta. Kuluwa ba ta ja da baya ba.

"Ke 'yar nan, saki! Buɗe baki!"

Ta kafa mata tukunyar. Rawaya ta sha, ta sha. Sai aka ji ƙarar mundaye, cas, cas, cas. Rawayar ta fara janyewa daga goshinta tana gangarowa, kore na bin bayanta kamar tsiro bayan ruwan fari. Hannunta ya saki. Ta zame ta kwanta, ta ɗora kai a cinyar Kuluwa, ta yi barci.

Sarkin Launi ya sauko daga gadonsa. "Ya ke Kuluwa, zaɓi. Kwando na yaƙutu, ko na zumurrudu?"

"Yaƙutu ake sha? Rijiyata nake so. Kuma wannan da ta kwanta, gobe da safe su zare wa ƙanwarta shida su sake zubo mini. Ka yi mini maganin masu zarewa."

"An gama. Daga yau na janye hannuna daga tudun nan, har sai bakinki ya ce in mayar."

Ta buɗe ido ta gan ta a bakin rijiya, hantsi ya ɗaga, ranar Laraba. Ga duba-gari da magina da buhunan siminti. Ba su kai ga sauke kaya ba sai ga wani mutum yana gangarowa daga tudu da ƙafa, babbar riga a hannu, yana zufa. Alhaji Mudi ne, mai masana'antar. A lissafin nan sama, kwana uku ke nan duk abin da suka tsoma sai ya fito baƙi ƙirin. Kayan da ke sito sun sassaɓe kamar fatar maciji. Ƙofar masana'antar ta yi tsatsa ta ƙi buɗuwa, motarsa ma ta zube ƙyallinta a ƙasa. Kuma duk madubin da ya duba, fuskar wata tsohuwa mai ɗamara yake gani tana harararsa.

"Iya, don girman Allah," ya ce, ya zube a gabanta.

"Au, ashe kana nan? Ni da aka ce mini ba ka nan."

"Iya, a yafe. Duk abin da kika ce."

Ta faɗa masa, ba ta rage ba. A toshe kwatar yau. A haƙa ramuka biyu a kan tudu, simintin nan da aka kawo a dama shi a shafe su da shi. Ramin farko ruwan ya kwana da tsohon ƙarfe da tsami har sai rawayar ta koma kore. Na biyu a zuba masa toka da farar ƙasa har koren ya kwanta a gindi, a kwashe a adana inda ruwan sama ba ya kaiwa. Tsakanin tudu da rijiya a ja dogon rami a cika shi da kashin maƙera. A yashe rijiyar sau bakwai. Kafin nan kuwa tankar ruwa kullum a ƙofar unguwa, da magani ga masu gyambo, da awaki uku, kuma ita za ta zaɓa.

Duba-gari ya sosa ƙeya. "Iya, wa ya koya miki wannan? Haka yake a littafinmu."

"Da yake a littafinku, me ya hana ka faɗa?"

Aka yi watanni ana aiki, Kuluwa na zaune a kan turmi tana duba kowane kwando. Da ramukan suka fara aiki ta leƙa rijiya ta ce a mayar masa da ƙyallinsa, ran nan kan keke ya sake fitowa fari tas. Ruwan rijiyar ya yi ta washewa har aka koma ganin yashin gindinta, birnin kuwa ya dushe ya ɓace. Duba-gari ya kai kwalba sau uku, sau uku ana ce masa lafiya lau. Ya zo da kansa ya kankare jan fentin.

Matan unguwa suka taru da tulunansu. Kuluwa ta ce kowa ya dakata. Ta aika aka kira Alhaji Mudi, ta zura guga da hannunta, ta cika ƙwarya fal ta miƙa masa.

"Iya, ai takarda ta ce lafiya lau."

"Ni ban iya karatu ba. Sha."

Ya sha, tana kallon maƙogwaronsa har ya kai ƙarshe. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ta zauna a gabansa ta zuba masa ido, tun daga hantsi har aka kira la'asar. Sai da ta ga ya miƙe da ƙafafunsa ya karkaɗe riga, sa'an nan ta juya wajen matan.

"To, ku matso. A bi layi, kuma kada wadda ta jefa mini guga da ƙarfi."